Motar Auta da Ƙugun Mama

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na zaɓi rubutu ne saboda kin san gidan nan, duk abin da aka faɗa a waya Mama na ji daga ɗakinta.

Yaya, Mama ta daina zuwa gashin ƙashi. Tun bayan aikin da aka yi mata a ƙugu ba ta taɓa fashi ba sai a ɗan tsakanin nan. Kullum na fito da mota sai ta ce yau jikin da sauƙi, a bari sai gobe. Ba sauƙi ba ne. Ina kallonta, daga gado zuwa banɗaki sai ta dafa bango, ta dafa kujera, ta huta a bakin ƙofa. Na je na sami likitar gashin, ta ce in Mama ta ci gaba da zama gaɓar za ta sandare, in kuwa ta sandare sai an sake aiki, a shekarunta kuma ba sa son haka. Na lallaɓa, na yi fushi, na sa Gwaggo ta yi mata magana. Murmushi kawai take yi.

Ba matsalar abin hawa ba ce, wannan na tabbatar. Motar da kuka haɗu kuka saya mini da na gama jami'a ta fi yadda take a da lafiya. Na sa an saita injin, da an taɓa totur take amsawa. Na canza salansa, bututun hayaƙin nan, na sa mai ƙara. Na cire tsofaffin sifirin da shakazoba masu tare gargada na sa masu tauri, motar ta sauka da santimita huɗu, ko a kwana ba ta rangaji. Don haka ban san me ke hana Mama ba. Ke take jin maganarki. Don Allah ki yi wani abu, na rasa inda zan sa kaina.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta, injiniyan gidanmu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka.

Na kira Mama, na yi ta zagaye-zagaye kafin ta fito da magana, kuma sai da ta sa na yi alkawari ba zan gaya maka ba. Ga shi ina karya alkawarin, Allah ya yafe mini.

Motarka ce, Auta. Ta ce tun da ka yi mata gyaran nan, shiga ma wahala, sai ta durƙusa kamar za ta zauna a tabarma. In kun hau titi kuma, kowane rami a ƙugunta yake sauka, in ka taka totur motar ta fizge ta baya. Ran da kuka je na ƙarshe ta cije mayafinta har asibiti don kada ka ji nishinta. Na ce to me ya hana ta hau tasi? Ta ce ai za ka tambayi dalili. Na ce me ya hana ta faɗa maka? Sai ta ce: "Tun rasuwar babanku ban ga haƙoran yaron nan ba sai a ƙarƙashin motar nan. Ni ba zan fito da shi ba."

Ka auna santimita huɗu, amma ba ka taɓa zama a kujerar baya ba, ko? Ba faɗa nake maka ba. To, faɗa ne, amma kaɗan. Ka mayar da motar yadda take, kuma kada ka bari ta gane daga ina ka ji.

Yayarka

*

Yaya,

Barka da war haka. Na ba bakanike tuƙi na zauna a baya, muka bi hanyar asibiti. A tudun rage gudun nan na bakin makaranta sai da haƙorana suka haɗu, ni da ƙuguna lafiya lau. Na ce ya tsaya, na fita na tsuguna a gefen titi na daɗe.

Injin ba wuya, ya mayar da saitin a take, fizgar ta daina. Sifirin ne bala'in. Tsofaffin na bar masa su, shi kuma ya sa wa wani mai koyar da tuƙi. Na je wurin mutumin da tayin musaya, ya ce ɗalibansa kwata suke hawa, me zai yi da mota mai jan ciki? Na zaga kasuwar kayan gyara layi-layi, samfurin ya tsufa, sai dai a yi oda, kuma ba a san ranar zuwansu ba. Na yi wa Mama maganar tasi da dabara, na ce motata na gareji, ta ce ba komai za ta jira ta. Likita kuwa ta ce a kawo ta a makon nan, in ba haka ba kada mu ga laifinta. Jiya Mama ta kasa ɗaga ƙafar ta sa takalmi, ta ce wai takalmin ne ya matse.

Mota ɗaya ce irin tawa da na sani, ta Dogo, abokin karatuna, kuma kayanta na asali ne. Ya daɗe yana sha'awar nawa. Amma ran da na sauke tawa, a gaban kowa a gareji na ce tasa katifar tsofaffi ce, tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa. In ya kore ni, Yaya, ban san inda zan nufa ba.

Auta

*

Auta,

Katifar tsofaffi muke nema ai. Tashi ka tafi, in ya ce ka durƙusa ka durƙusa.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Dogo ya yarda mu yi musaya, da sharaɗin in maimaita maganar a gareji da ƙarfi, amma a kan tawa motar. Na maimaita, mutanen gareji suka yi dariya har da buga bodin mota. Da Dogo ya ji dalili sai ya daina dariya, ya cire riga, tare muka kwance kayan.

Yau na kai Mama. Ta shiga ba ta durƙusa ba. Likita ta ce an makara kaɗan, amma gaɓar na motsi. A hanyar dawowa Mama ta yi barci, muka haye tudun makaranta ba ta farka ba.

A ƙofar gida na ce mata gobe zan cire salansar nan ma, ta cika ƙara. Ta riƙe hannuna ta ce: "Wannan bar ta. Da ita nake sanin ka shigo layi lafiya."

Ina jin ta san kin faɗa mini.

Ƙaninki,
Auta