Kujerar da Ke Ɗakin Ajiya

Auta,

Kada ki kuskura ki sayi keken nan mai labulen leshi kafin ki karanta wannan takarda har ƙarshe. Ki ajiye waya, ki zauna, ki karanta a natse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Yaya kumburin ƙafa? Ki rage gishiri kamar yadda likita ta ce, ba kamar yadda ranki ya so ba. Mu nan sai godiya. Yayanki da matarsa suna gaishe ki. Jikana kuma Angona yana nan, jiya da na ambace ki sai da ya yi murmushin nan nasa na gefen baki ɗaya.

Na zaɓi takarda ne domin a waya kina katse ni, ita kuwa takarda ba a katse ta.

Na ga hotunan kekunan jarirai da kika turo, har guda bakwai. Duk na duba, kuma ban ga alamar hankali a ko ɗaya ba. Kin zaɓi launi, kin zaɓi leshi, kin zaɓi abin da ƙawayenki za su gani su yi shewa. Jariri bai san launi ba. Abin da ya sani shi ne gargada idan ta bugi bayansa.

Ki saurari wadda ta sani. Shekara uku da ɗoriya ke nan ina tura Angona sau biyu a mako, daga gidan yayanki zuwa sashen gashin ƙashi na asibiti. Keke uku suka mutu a hannuna. Na farkon irin wanda kike so ne, mai ƙananan tayoyi kamar murfin kwalba. Duk ramin da ya gani sai ya tsaya ya gaishe shi. Ki nemi mai manyan tayoyi. Ki taka birkinsa da ƙafarki a cikin shagon, sannan ki tura da ƙarfi. Idan ya motsa, ki bar musu kayansu ko da mai shago zai rantse miki. Bayansa ya zama mai kwantawa gaba ɗaya, domin sabon haihuwa ba ya zama, wuyansa kamar zare yake.

Kuma ki tuna a hawa na biyu kike. Maigidanki yana fita gyaran wuta tun safe, ke kaɗai za ki riƙa sauko da keken a matakala. Ki naɗe shi da hannu ɗaya a gaban mai shago, ki ɗaga shi. Ki tafi da abin awo, ki auna faɗin ƙofarki da but ɗin motarku. Ni na taɓa tsayawa a bakin ƙofa da keke a waje, yaro a kafaɗa, maƙwabta suna kallo.

Sai dai duk wannan ba shi ne ya sa na ɗauki biro ba. Cikin hotuna bakwai ban ga kujerar mota ko ɗaya ba. Ita ce farko, Auta. Keke yana iya jira wata guda, zani yana nan. Amma ranar da za a sallame ki daga asibiti, a mota za ku koma gida. Ki sayi sabuwa, wadda ke kallon baya, kuma maigidanki ya koyi ɗaura ta tun yanzu, ba a harabar asibiti ba.

Ba shawara nake ba ki ba. Ki gaida maigidanki. Allah ya sauke ki lafiya.

Mahaifiyarki

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma ciwon bayan ya yi sauƙi. Ki riƙa sa matashi tsakanin gwiwoyinki idan za ki kwanta. Angona ya yi mura kwana biyu, amma ta sake shi.

Amsarki ta iso. Na karanta sau uku, kuma kowane karo sai na ji kamar ba ni na raine ki ba.

Na yi murna da kika fasa keken leshi. A nan murnata ta tsaya. Kin rubuta cewa kujerar mota yayi ce kawai, kuma kwalliyar masu shago ce. Kin ce ga ɗan yayanki nan, a ɗaure yake cikin kujera mai tsada ranar da abin ya faru, me ta hana? Kin ce gara ki rungume ɗanki a ƙirjinki, idan wani abu ya zo ya same ku tare. Har kika kawo mini karin magana, wai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yaushe kika girma har kike yi mini wa'azi da yaron da ban taɓa fashin kai shi asibiti ba? Kina makaranta lokacin da abin ya faru. Ba ki ga motar ba, ba ki ga titin ba, labari kika ji. Mai hankali ba ya ɗora ran ɗansa a kan labari. Wannan halin naki na ɗaukar magana daga sama, tun kina firamare nake faɗa da shi.

Sannan kika ƙara da cewa idan na matsa, to in aiko miki da tsohuwar kujerar Angona da ke ɗakin ajiyata, tunda ko ƙwarzane babu a jikinta. Ashe kin buɗe buhun da na ɗaure ta a ciki lokacin da kika zo hutu. Ban aike ki ɗakin nan ba. Ba zan ba ki ita ba. Na je shagon kayan jarirai da ke kusa da asibiti, na tambayi matar da ke sayarwa. Ta ce kujerar da ta taɓa shiga hatsari ba a sake sa yaro a ciki, ko da ido bai ga tsaga ba. Wannan dalilin ya ishe ki. Kada ki sake tambayata game da ita.

Saura mako biyar, in ji likitarki. Na riga na haɗa jakata domin in zo in zauna da ke. Amma ki ji da kyau: idan na iso ban ga kujera a ɗaure a bayan motarku ba, ƙafata ba za ta shiga motar ba, kuma a ranar zan juyo. Kin san ba na magana biyu.

Kwana uku ke nan abinci ba ya yi mini daɗi saboda takardarki. Allah ya shirye ki, ya sauke ki lafiya.

Mahaifiyarki

'Yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida maigidanki. Ya kira ni shekaranjiya, cikin ladabi kamar kullum. Ya ce kin yi kuka, kuma kin ce Mama umarni kawai ta iya, ba ta taɓa ba da dalili. Ya ce har yanzu kina nan a kan bakanki.

Kin yi gaskiya a wannan. Ga dalilin. Ki karanta ke kaɗai tukuna.

Kin ce ko ƙwarzane babu a jikin kujerar nan. Haka ne. Babu abin da ya same ta, kuma da Angona yana cikinta, babu abin da zai same shi. Ba ya ciki, Auta. Yana hannuna.

Watansa uku a lokacin. Mun kai shi allurar rigakafi, muna dawowa da hantsi. Yayanki ke tuƙi, ni da matarsa muna baya, kujerar tana tsakaninmu. Ita ta ɗaure shi da kanta, ta ja maɗaurin, ta sa yatsa ta gwada, kamar yadda aka koya mata. Yaron yana ta tsala kuka saboda zafin allura. Ga shi an juya shi yana kallon baya, kamar wanda aka yi wa horo. Na ce a ciro shi. Ta ce, Mama, saura kaɗan mu isa. Na ce na haifi biyar na raine su, babu wanda na ɗaure kamar akuya. Ta sake cewa, Mama, don Allah a bar shi. Sai na tambaye ta ko ita za ta koya mini raino, ita da ko cibiyar ɗan fari ba ta gama warkewa a hannunta ba. Ta janye hannunta daga kan kujerar. Yayanki ya kalle ni ta madubi, ya mayar da ido kan titi bai hana ni ba, domin haka na tarbiyyantar da shi.

Akwai wani jan maɓalli a tsakiyar maɗaurin. Ni na danna shi.

Na ɗora shi a ƙirjina, ya fara lafawa. Ina tuna har na ce mata, kin gani ko? Ba mu yi minti biyar ba, daidai shataletalen da ke gaban gidan mai, wata motar kaya ta taka birki a gabanmu, muka daki bayanta. Ba gudu muke yi ba. Fitila ɗaya ce kawai ta fashe. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, haka yayanki, haka matarsa. Na riƙe yaron nan da dukkan ƙarfina, Allah ne shaida. Amma da motar ta tsaya, hannuwana suna nan a rungume, babu kowa a ciki. Yana can gaba, ƙarƙashin inda ake sa rediyo. Kuma ya daina kuka.

Wannan shi ne ƙirjin da kike cewa ya fi kujera. Nawa ya fi naki ƙarfi a lokacin.

A asibiti likita ya tambaya ko yaron yana cikin kujera. Kafin in buɗe baki yayanki ya ce e. Ya rufa wa uwarsa asiri, ni kuma na bar shi ya rufa. Matarsa ta kalli ƙasa. Daga ranar maganar ta zauna a haka, har ta iso kunnenki. Masu zuwa dubiya suna cewa ƙaddara, ina taya su. Ƙaddara gaskiya ce, ban musa ba. Amma na san yatsan da ya danna maɓallin, da shi nake riƙe biron nan.

Shekararsa huɗu yanzu. Sa'o'insa suna gudu da jakar makaranta, shi kuma ana tura shi a keke, ana goge masa baki. Mutane suna yaba mini a layin gashin ƙashi, wai ba su taɓa ganin kaka irina ba. Ina amsawa da na gode. Matar yayanki kuwa har yau tana durƙusawa ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa, ta miƙo mini yaron. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Na ɗauka ƙaryar nan ni kaɗai take ci. Sai da takardarki ta zo na ga ta miƙa hannu za ta ɗauki jika na biyu.

Jiya na je gidan yayanki bayan ya fita aiki. Na same ta tana ba yaron abinci da ƙaramin cokali. Na gaya mata abin da kika rubuto, da abin da zan rubuta miki. Na nemi gafararta, abin da ya kamata in yi shekara huɗu da suka wuce. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, kuma ba ni da bakin matsa mata. Ta gama ba shi abincin, ta wanke cokalin, ta ɗauko mayafinta, ta ce mu je shago.

Ita ta zaɓa. Ta ɗaga kujeru huɗu, ta juya kowace, ta karanta takardar da ke manne a ƙasa, ta ja maɗauri. Mai shagon tana ta yabon wata mai ruwan hoda, ko kallonta ba ta yi ba. A ƙarshe ta tura mini wata baƙa, marar ado ko kaɗan, ta ce in danna maɓallin. Na danna, ya ƙi. Na sa yatsa biyu, da ƙyar ya buɗe. Sai ta ce, Mama, wannan za a ɗauka, ba kowane hannu ke buɗe ta ba.

Mai shagon ta yi dariya, ta ɗauka wasan surukai ne.

Kujerar tana hanya, direban motar da ke zuwa wajenku zai kira maigidanki ranar Asabar. Tsohuwar kuma na fito da ita daga buhu, na yanke maɗaurinta da almakashi domin kada wani ya tsinta ya sa ɗansa, na bayar an zubar.

Idan bayan wannan ba kya son in zo haihuwarki, ba zan ga laifinki ba. Jakata tana nan a haɗe, sai abin da kika ce. Ki gaida maigidanki, ki ba shi takardar ya karanta idan kin gama. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa da ƙafafunsa.

Amma ko na zo ko ban zo ba, ga dokar gidan nan daga yau, kuma na faɗa wa yayanki da sauran 'yan'uwanki. Babu jikana da zai sake shiga mota a cinyar wani, ko tafiyar daga nan zuwa bakin titi ce. Idan ya yi kuka, a tsayar da mota a gefe a rarrashe shi. Idan babu wurin tsayawa, ya yi ta kukansa, mai kuka yana da rai da lafiya. Kuma duk babban da ya miƙa hannu zai danna jan maɓallin nan mota tana tafiya, a buge hannun, a sauke shi a bakin hanya. Ko da ni ce.

Mahaifiyarki