Kwana Uku Na Makara, Idona Na Dama Zai Biya

Daga: Malama Bernadine Kosmal,
Gida mai lamba 14, Layin Tanderu,
Marlow Bend, Jihar Ohio.

Zuwa ga: Mai Girma Curtis Vandermolen,
Ɗan Majalisa mai wakiltar mazaɓarmu.

Litinin, 22 ga Afrilu, 2019.

GAME DA: Tarar makara da aka ɗora mini, da hana ni shiga inshorar lafiya ta tsofaffi har sai Yulin baɗi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan alheri, ni ce mai suna a sama, shekarata sittin da takwas, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin gilashi na garin nan. Ba ka san ni ba, amma ka ci kifin da na soya a zauren cocinmu wata Juma'a cikin azumin Kirista na bara, ranar da ka ce duk mai damuwa ya rubuto maka. To, yallaɓai, ga shi na rubuto. Ina roƙon ka karanta da kanka, domin maganar idona ce.

1. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaga kwalabe a gaban fitila ina duba tsaga. A watan Fabrairun 2016 na cika sittin da biyar, shekarun shiga inshorar gwamnati. Na karɓi sashen kwanciya asibiti, wanda ba a biyan komai. Sashen ganin likita da allurai kuwa na jinkirta shi, don ina aiki kuma kamfani na da inshorarsa. Doka ce ta ba ni wannan damar, ba wayo na yi ba.

2. Ranar 29 ga Satumba, 2017 aka rufe kamfani. Aka tara mu a ɗakin cin abinci, jami'in kula da ma'aikata, Malam Dale Pruitt, ya shaida mana cewa duk mai so zai iya ci gaba da inshorar kamfani har wata goma sha takwas, muddin zai biya daga aljihunsa. Na ɗaga hannu na tambaye shi ko mu da muka haura sittin da biyar akwai abin da za mu yi. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, inshora ai inshora ce, in ta ƙare sai in koma ta gwamnati. Ban zarge shi da mugunta ba, shi ma a ranar aikinsa ya ƙare. Amma da bakinsa ya faɗa, a gaban mutum fiye da ɗari.

3. Na biya dala 612 duk wata, wata goma sha takwas cur, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ga kwafin rasit a haɗe da wannan takarda. Ashe tun ranar da aka rufe kamfani gwamnati ta fara ƙirga mini wata takwas na shiga tata inshorar, kuma wadda nake biya ba ta cikin lissafinta. Wa'adin ya cika a ƙarshen Mayun 2018 ina zaune ban sani ba. Babu wasiƙa, babu waya. Takardar haraji dai ba ta taɓa ɓatan hanyar gidana ba.

4. Inshorar kamfani ta ƙare ranar Lahadi, 31 ga Maris na bana. Ban je ofishin inshorar tsofaffi kafin nan ba, saboda na riga na biya kuɗin Maris, kuma a gidanmu ba a koya mana biyan abu ɗaya sau biyu ba. Na daina tuƙi tun bara, motar da ke kai tsofaffi babban garin gunduma kuma ranar Laraba kawai take zuwa. Saboda haka ranar Laraba, 3 ga Afrilu na isa, da takarduna a jere cikin ambulan, har ina jin kaina mai tsari.

Ma'aikaciyar da ta karɓe ni, wata Malama Renita, ta duba kwamfuta, sannan ta tambaye ni ko akwai wanda ya rako ni. Na ce ni kaɗai na zo. Ta ce waɗanda suka makara irina daga Janairu zuwa ƙarshen Maris kaɗai ake rubuta su, kuma an rufe kwana uku da suka wuce. Sai Janairu mai zuwa zan iya ba da sunana, inshorar kuma ba za ta fara aiki ba sai 1 ga Yuli, 2020. Ta ƙara da cewa za a ɗora mini kashi ashirin cikin ɗari a kan kuɗin kowane wata. Na tambaye ta har zuwa yaushe. Ta sunkuyar da kai ta ce har iyakar raina. Ba ni da ƙorafi a kanta ko kaɗan. Yarinyar kirki ce, har bakin ƙofa ta riƙo mini hannu, kuma ta ce ni ce ta huɗu a makon.

5. Ga inda abin ya fi ci mini rai. Ina fama da ciwon da ke cin tsakiyar gani. Idona na hagu ya riga ya tafi tun 2015. Na dama kuwa allura ce ke riƙe da shi, wadda likitana, Dakta Petrakis, ke yi mini a cikin ƙwayar idon duk bayan mako shida. Ba tare da inshora ba kowace allura dala 1,900 ce, ni kuwa abin da ke shigo mini a wata dala 1,340 ne. Allura ta gaba ranar Talata ce, 14 ga Mayu, kuma abin da na ajiye zai biya ta da wadda ke bin ta, shi ke nan. Na tambayi likita me zai faru in na tsaya. Mutum ne da ba ya kwana-kwana. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma wata uku ko huɗu sun isa. Wani ya ba ni shawara wai ai ina da sashen kwanciya asibiti. Haka ne, sai dai makanta ba ta kwantar da mutum a gado.

6. Ina neman afuwa in harshena ya yi kaifi, amma tarar nan an ce an yi ta ne don masu ƙin biya sai ciwo ya kama su. Ni yaushe na ƙi biya? Tun ina 'yar shekara goma sha tara ake yankar albashina saboda wannan inshorar. Wallahi na ji haushi, na ji kunya, kuma ina jin tsoro. Ni kaɗai ce a gidan nan tun rasuwar maigidana, kuma akwai matakala goma sha ɗaya tsakanin ɗakin kwanana da kicin.

Bisa ga haka, cikin ladabi nake roƙon mai girma ya sa baki a buɗe mini shiga inshorar nan take, tunda bayanin kuskure aka ba ni, a kuma ɗage tarar. Malam Pruitt ya amince zai rubuta shaida, ga lambar wayarsa a bayan takarda. Ina kuma roƙon ka kai maganar gaban majalisa: a riƙa aika wa kowa wasiƙar gargaɗi kafin wa'adinsa ya cika, a lissafa inshorar da mutum ya ci gaba da biya bayan barin aiki, kuma a sa wa tarar iyaka. Mu goma sha bakwai ne tsofaffi a ɗakin cin abincin nan ranar da aka rufe kamfani, ban kuma san su nawa ne har yanzu ba su gano ba.

Na san ofishinka da yawan aiki, an kuma ce amsa kan ɗauki watanni. Idan za ta zo kafin ƙarshen Yuli, a rubuto kamar yadda aka saba. Idan za ta kai Satumba, ina roƙon a buga ta da manyan haruffa. Idan kuwa za ta wuce Nuwamba, kada a ɓata takarda, a kira ni ta waya.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawa.

Taka mai biyayya,
Bernadine Kosmal