Na Kankare Fuskokin Sarakunan Babana

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah ki ɓoye sunana, ko harafin farko kada ki sa, garinmu ƙarami ne kowa ya san kowa. Jama'a kuma ina roƙonku, kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe. Zagin ma na riga ku, babu irin wanda ban yi wa kaina ba.

Ni 'yar Bagudo ce a jihar Kebbi. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu da 'ya'yana, na ci gaba da kula da mahaifina, don Innarmu ta daɗe da rasuwa, shi kuma idonsa ya fara tafiya. Baba yana da wani abu da ban san mai irinsa ba duk yankin nan, wato tsofaffin kwabban Rumawa, waɗanda aka buga da kan sarakunansu tun kafin zuwan Musulunci. Yana saurayi ya je aikin gona Aljeriya shi da amininsa, wani Badende da ke tsallaken iyaka cikin ƙasar Benin, zan kira shi Baffa Sambo. A can in garma ta juya ƙasa sai kwabo ya fito, masu gonar ba su damu ba, su kuwa suna tsinta. Daga nan abin ya shiga ransu. Sun dawo gida, sun yi aure, sun tsufa, amma ba su daina ba. Duk wanda ya samo sabo wurin fatake sai ya hau babur ya bi ta garin Tsamiya ya kai wa ɗan'uwansa, su zauna a zaure suna juya shi kamar an yi musu haihuwa.

Baba bai san sunayen sarakunan da rubutun boko ba, shi ya raɗa musu nasa. Akwai Mai Gemu, akwai Hancin Shaho, akwai Ƙaton Wuya wanda ya ce da gani azzalumi ne, sai wata matar sarki da ya kira Gimbiya, wai kitsonta irin na Innarmu ne. Kowanne a naɗe cikin tsumma, a cikin gwangwanin alawa. Da idonsa ya yi nisa sai ya koma ganinsu da yatsa. Da hantsi zai zauna kan buzu, ya shafa kwabo da babban yatsa, ya yi murmushi ya ce, "Ƙaton Wuya, ka kwana lahiya? Har yau ba ka tuba ba?" Jikoki su yi ta dariya.

Ni kuwa abin da nake gani datti ne. Baƙaƙe ƙirin, wasu kore shar, suna ɓata masa hannu da farar riga. Anti, ni mace ce mai tsafta har ta yi yawa, a unguwa tsokanata ake wai in na ga inuwa a ƙasa sai na share ta. Tukunyata za ki ga fuskarki a gindinta. Na sha ce masa ya kawo in wanke, sai ya rungume gwangwanin ya ce, "Kak ki bari ko ruwa shi taɓa su. Wanga datti da kika gani shi ne rigassu. In kin tuɓe ta, kin tuɓe mutum." A raina na ce rigimar tsufa ce. Wane ƙarfe ne toka ba ta gyarawa?

Bana Yayana ya ɗauke shi zuwa asibitin ido a Sakkwato. Duk mun ɗauka yanar ido ce, a cire ya dawo yana gani. Wallahi Allah ne shaidata, niyyata mai kyau ce. Cewa na yi ranar da zai buɗe ido, bari abin da zai fara gani ya zama sarakunansa suna walƙiya. Na matse lemon tsami cikin roba, na zuba gishiri, na juye su duka a ciki, ko ɗaya ban ware na gwada ba. Na bar su suka kwana. Da safe ruwan ya koma kore, na ji daɗi na ce ga dattin ya fita, na ɗauko toka da soson ƙarfe na zauna bakin rijiya na dirje su kamar yadda nake dirje murfin tukunya. Sai da na ɗauraye na shanya a faranti na duba da kyau. Jan ƙarfe ne kawai, duk ramuka. Ashe ƙarfen ciki ya daɗe da cinyewa, wannan baƙar fatar ce ke riƙe da gemun da hancin da rubutun. Gimbiya na fara nema, na juya wannan na juya wancan, ban iya gane wacce ce ita ba. Na zauna a ƙasa na ɗora hannu a ka. Abin da ya kwana cikin ƙasa tun zamanin da ba a san Bagudo ba bai lalace ba, sai da ya zo hannuna.

Na shafa musu man gyaɗa don warin lemon ya ɓace, na mayar cikin tsummokaransu. Na ce in ya dawo ya gani da idonsa zan durƙusa in faɗi gaskiya, ai farin cikin samun ido zai rage masa zafi. Sai suka dawo ba a yi aikin ba. Likita ya ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne ya kashe jijiyar, babu abin da za a yi. Baba ya karɓi ƙaddara, ko ƙorafi bai yi ba. Ya sha ruwa, ya yi salla, ya ce, "Ɗiyata, miƙo man mutanena. Tunda an hana ni ganin na yanzu, bari in gaisa da na da."

Ina tsaye a kansa ya kwance tsumman kwabo na farko. Ya shafa. Ya juya ya sake shafawa. Ya ajiye ya ɗauki wani, ya goge yatsansa a riga, ya kuma shafawa. Har ya bi ta kansu duka, ni kuma ina jiran ya ce wa ya taɓa min kaya. Da ya tambaya da na faɗa, na rantse da na faɗa. Amma ba abin da ya ce ke nan ba. Hannayensa ya ɗaga yana juya su a gaban fuskarsa kamar mai gani, ya ce a hankali, "Inna lillahi. Yatsun ma sun bi idon. Ba ni jin komi sai kaushi."

Na buɗe baki, Anti, maganar ta zo har harshena. Sai na ji kaina ina cewa, "Gajiyar hanya ce Baba, gobe za ka ji." Wace irin 'ya ce ke yin haka? Uba ya ɗora laifina a kan jikinsa, ni kuma na tsaya na taya shi ɗorawa.

Tun daga ranar bai koma daidai ba. Ya sa a shafa masa man shanu a yatsu, ya sa a gasa masa su da ruwan ɗumi, ya sa Yayana ya kai shi a auna sukari, aka ce lafiyarsa lau, bai yarda ba. Na ce masa ai kana jin carbi, kana jin kofi. Ya ce, "Hakanan idon ya hwara. Ramin allura na hwara rasawa, sannan baƙin Alƙur'ani, sannan huskokinku. Ƙanana ka hwara tahiya." Mutumin da ke tsokanar kowa ya koma shiru. Tuwon da yake cinyewa yanzu sai ya taɓa ya ture. Ya daina fita zaure. Rannan na ji yana ce wa Yayana shi fa ana naɗe shi ne kaɗan-kaɗan kamar tabarma.

Abin da ya fi ci min rai shi ne aikin da ya ba ni. Kullum da hantsi sai ya kira ni in zama idonsa. Zai miƙo kwabo ya ce, "Wanga wane ne?" In dubi jan ƙarfen da babu komai a kai in ce, "Mai Gemu ne Baba." Ya ce, "Gemun na nan?" In ce, "Yana nan, har da murɗe-murɗensa." In ya ce in nemo masa Gimbiya, sai in ɗauki duk wanda hannuna ya kai, in ba shi labarin kitson da na haddace daga bakinsa. Ya riƙe a tafinsa ya daɗe, wataƙila da Innarmu yake magana, sannan ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ke kaɗai kinka rage man." Wannan albarkar ƙona ni take yi. Na kan fita bayan ɗaki in toshe baki da zane in yi kuka, in wanke fuska in dawo in ɗora girki.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Baffa Sambo ya aiko ta bakin wani ɗan acaba cewa yana nan tafe ranar kasuwa mai zuwa, kuma ya samo sabon kwabo, wani sarki mai kambin ganye a ka, ya ce kyauta zai ba amininsa. Gwangwanin zan iya ɓoyewa, in ce yana wurin Yayana. Amma sabon nan da rigarsa zai zo. Ana ɗora shi a tafin Baba zai ji hanci, ya ji ganyen, ya ji rubutun. Nan take zai san yatsunsa na da rai. Nan take kuma zai san abin da ya samu mutanensa, da wadda ta zauna gabansa kullum tana zana masa gemun ƙarya tana karɓar albarka. Don lalacewa har na yi tunanin in tari Baffa a hanya in roƙe shi ya ce ya manta da shi a gida.

Ashe ba sai na wahala ba. Jiya Baba ya kira ni, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya rage murya ya ce, "In Sambo ya zaka, kak ki bari shi aza man kwabon ga hannu. Kunya nika ji shi gane na ƙare. Ke ki amsa, ki hwaɗa man yadda shike, ni ko sai in yi kamar na ji."

Kun ji, jama'a. Da bakinsa ya ba ni hanyar tsira. In na miƙa hannu na karɓa, asirina ya rufu har abada, shi kuma ya ƙarasa kwanakinsa yana jin rabin jikinsa ya riga shi kabari. In na janye hannuna na bari kwabon ya sauka a tafinsa, na mayar masa da yatsunsa, amma ban san ko zai sake kirana ɗiyata ba, kuma ba shi da mai kula da shi a gidan sai ni. Ga ranar kasuwa ta matso.

Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?