Mama Ta Ajiye Magani Tun Ranar Da Ta Ba Da Shaida

Anti Salihatu, ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni malamar firamare ce a Kontagora. Mahaifiyata, mu ce da ita Mama Lahadi, tana sayar da dawa da gero a kasuwar Salka. Bara tari ya kama ta, aka sha maganin tarin fuka wata da watanni a banza, daga baya wani babban asibiti ya ce kansar huhu ce. Matar da ko karan sigari ba ta taɓa riƙewa ba. Suka ɗebi ɗan naman wurin suka gwada. Likita ya kira ni da yayana Tanimu, ya ce sun ga wani canji a ƙwayoyin halittar ciwon, EGFR ya kira shi. Ya ce irin wannan yana jin magani na haɗiya, amma ya fi sauran yawan haurawa ƙwaƙwalwa, don haka kada a fasa sha, kuma a riƙa ɗaukar hoton kai. Muna fita Tanimu ya ce maganar ƙwaƙwalwa ta tsaya tsakaninmu, a gidanmu ba a faɗa wa majinyaci abin da zai karya masa zuciya. Na bi maganarsa, shi ne babba.

Maganin kuwa ya yi aiki. Tari ya tafi, ta murmure, ta koma bakin mudunta. Ran godiyar kaka ta kai buhun dawa coci, ta ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da ita, mata suka yi ta guɗa. Tun ranar ta ajiye maganin. Wai wadda ta tsaya gaban jama'a ta ce ta warke, in ta ci gaba da haɗiya ta ƙaryata Allah. Hoton kai ma cewa ta yi me ya haɗa kai da ƙirji. Sati biyar ke nan. Jiya maƙwabciyarta a kasuwa ta bugo mini, ta ce sau biyu mudu yana suɓucewa daga hannun Mama na dama, ga ciwon kai da safe. Tanimu ya ce gajiya ce. Tsoro nake ji, Anti. In na faɗa mata na saɓa wa yayana, in na yi shiru ban san me nake jira ba.

Mai Neman Mafita, Kontagora

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya.

Ni ba likita ba ce, amma na tambayi masani, ya ce abin da aka faɗa muku haka yake. Masu irin wannan canji sun fi fuskantar ciwon ya bi jini ya kai ƙwaƙwalwa, sau da yawa shiru kafin a ga alama. Maganin danne shi yake yi kamar murfin tukunya, in an ɗaga yana iya tasowa. Canjin kuma galibi a jikin ciwon yake, ba gado ba ne, kada ki ƙara wa kanki wannan damuwar.

Hannu mai sakin mudu da ciwon kan safe ba lallai ciwon ne ya kai ƙwaƙwalwa ba, amma daga ni har ke har Tanimu ba mai iya rantsewa, sai hoto. Ki kira likitan yau, ki faɗa masa sati nawa ta yi ba magani, shi zai ce ga yadda za a koma. In ta yi farfaɗiya, ko amai, ko maganarta ta rikice, asibiti nan take.

Tanimu ba mugu ba ne, tausayi ya sa shi, wataƙila ma a lokacin ya yi amfani. Amma Mama ta yanke shawara da rabin labari, sauran rabin yana hannunku. Ki gaya masa za ki faɗa mata, sanarwa, ba neman izini ba. Bangaskiyarta kuwa kada ki taɓa. Ki je wa fastonsu, tunda a gabansa aka yi shaidar, shi zai fi iya nuna mata cewa Wanda ya ba da sauƙin Shi ya ba da maganin.

In ta ji komai ta ƙi, ranta ne, ta ƙi da saninta. Ki hau motar Salka gobe, kada ki jira hutun makaranta. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin faɗa.

Anti Salihatu