Waƙar Larai a Faifan Garmaho

Katagum, watan Safar, 1951

Zuwa ga ƙanena Jalo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kuma ciwon ƙirjin nan bai sake tayar maka ba a damshin Ikko. Mu nan lafiya lau. Gulbi ya fara ja da baya, maigidana Bappayo na samun kifi daidai gwargwado.

Takardarka ta iso ta hannun Umara direba. Na karanta wurin da ka ce Turawan wani kamfani sun ɗauki muryarka sun sa a faifai, na sake karantawa, ban gane yadda abin yake ba. Ka ce an shigar da ku ɗaki ku goma sha biyu da masu busa da mai ganga, aka kunna jar fitila, aka ce kada kowa ya yi tari har a gama. Na yi dariya, don na san ka da tari.

Na tuna lokacin da ka dawo daga yaƙin Bama, kana kwance a zaurenmu kana jinya, ba ka da zance sai na faya-fayan da ka ji wurin sojojin Amurka, mawaƙi ɗaya a gaba, masu busa kusan ashirin a bayansa. Ka ce wata rana sai an yi wa waƙar Hausa haka. A raina na ce zazzaɓi ne ke magana. Ashe da gaske kake.

Bappayo zai kai kifin banda kasuwar Azare bayan Mauludi, ya yarda in bi shi. An ce Bunu tela yana da garmaho a rumfarsa, kuma faifanka ya iso masa daga Kano. Ba ka faɗa mini wace waƙa ka yi ba. Zan je in ji da kunnena.

Ka riƙe salla, ka rage shan taba.

Addarka,
Dijatu

Azare, watan Rabi'ul Awwal, 1951

Jalo,

Bayan gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Ina rubuta maka ne daga gidan Ya Gana, matar Bunu, inda muka sauka.

Na ji faifan. Da hantsi ne, rumfar cike da samari. Bunu ya wana garmahon ya ɗora allura, aka yi ta busa kamar ranar faretin soja. Da muryarka ta shigo na ji daɗi, sai da na kama hannun Ya Gana. Sannan na ji abin da kake faɗa: Larai ta haye gulbi ba ta jira ni ba, ta bar munduwarta a kan tabarma.

Jalo, wannan waƙata ce. Ka san wa na yi wa ita. Larai 'yata shekararta huɗu zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana uku, ni kuma ban iya kuka gaban mutane ba, sai in zauna bakin dutsen niƙa in yi ta faɗin abin da ya zo bakina. Ban taɓa yin ta a biki ba, ban koya wa kowa ba. Kai kaɗai na san ka ji, don kana kwance a zaure ba ka iya tashi.

Ka ƙara mata sauri. Samarin nan suna tafi, wani har da taka rawa. Wani ya ce wannan Larai ba ta da kirki, ta gudu da saurayi ta bar mai sonta. Aka yi dariya. Bappayo yana tsaye a bakin rumfar da kwandon kifi. Ya juya ya koma cikin kasuwa. Ka san tun ranar da aka binne ta bai sake ambaton sunanta ba, shekara bakwai ke nan, ni ma ba na ambata a gabansa.

Ba na cewa ka yi don mugunta. Amma takarda ba ta fi ƙarfinka ba, da ka tambaye ni. Yanzu an ce faifan ya kai Misau, ya kai Hardawa, babu mai iya kiran sa ya dawo. Kada ka aiko mini da turmin atamfar da ka ce za ka aiko.

Allah ya kiyaye ka.

Dijatu

Katagum, watan Jimada Sani, 1952

Zuwa ga ƙanena Jalo,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya abokan aikinka? Ka gafarce ni, takardunka biyu sun iso ban ba ka amsa ba. Zafi ya shigo, gulbi ya zama kududdufai.

Na karanta abin da ka ce, cewa kai ma ka goya Larai a wuya kafin ka tafi soja, ka dawo ba ka same ta ba, kuma waƙar ba ta bar kanka ba tun daga zaurenmu. Ka ce shugaban masu busa ne ya ce faifai ba ya ɗaukar fiye da minti uku, sai an yi sauri an yar da baiti biyu. Ka kuma ce ka ƙi zuwa ɗaukar faifai na biyu, za ka tattaro ka dawo gida noma. Na yarda ka yi nadama. Amma bari ka ji abin da ya faru kafin ka sayar da kayanka.

Tun dawowarmu daga Azare Bappayo ya ƙara shiru, na ɗauka fushi yake da ni. Watan jiya ya sake kai banda, ya ƙara kwana ɗaya a kan yadda ya saba. Ya Gana ce ta aiko mini da labari. Wai ya je rumfar da sassafe kafin mutane su taru, ya roƙi Bunu ya sa masa faifan. Ya zauna a kan buhu ya ji, ya ce a sake, har sau huɗu. Bunu bai tambaye shi komai ba, Allah ya saka masa.

Da ya dawo ban nuna na sani ba. Bayan kwana biyu ina niƙa gero da safe, ya zo ya tsaya a bakin rumfa yana gyaran taru. Can ya ce, "Ba haka kike yin ta ba. Ƙanenki ya bar wurin da take kiran kaji."

Hannuna ya tsaya a kan dutse. Na ce masa ashe yana ji. Ya ce duk safiya yana ji, a bayan danga yake tsayawa har in gama, sannan ya wuce gulbi. Yana tsoron in ya shigo in daina. Shekara bakwai, Jalo, ina zaton ni kaɗai nake tuna ta a gidan nan.

Ya ce in yi masa ita. Na fara, murya ta ƙi. Bai matsa mini ba, ya zauna a kan turmi ya jira. Na sake farawa na kai ƙarshe, har baitin kajin. Da na gama ya ba ni labarin ranar da ya sa Larai a kwalekwale ta ce sai ta riƙe sandar tuƙi. Ban taɓa jin labarin ba. Ya kira sunanta sau uku a cikinsa. Ranar bai je gulbi ba, tuwo ma sai bayan la'asar muka ci.

Ban ce abin da ka yi daidai ne ba. Har yanzu in na tuna dariyar samarin nan raina yana ɓaci. Amma na yafe maka. Kada ka dawo noma, ba ka iya ba, kuma ƙirjinka ba zai ɗauka ba. Je ka yi faifanka na biyu da waƙoƙin kanka. Baiti biyun da ka bari ka bar mana su, kada ka neme su, ni da Bappayo muna amfani da su.

Yana gaishe ka, ya ce in ka samu hutu ka zo kafin ruwa ya sauka, akwai tarwaɗa.

Allah ya yi maka albarka.

Addarka mai ƙaunarka,
Dijatu