Ranar Da Kika Zaɓa A Watan Suro

Zuwa ga Ningrum, ƙanwata, sanyin idona, ruwan kwakwar da nake kashe ƙishi da shi, shukar da na yi wa ban-ruwa shekara biyar,

Gaisuwa daga garinmu Klaten, amma kada ki ɗauka ta mai farin ciki ce. Raina a ɓace yake, kuma ke kika ɓata shi.

Shekara biyu ke nan da kika tafi birnin Nagoya na Japan aikin kula da tsofaffi. Wane sauyi ne ban haɗiye ba? Ke da ba kya taɓa shinkafa sai da dakakken barkono, har kina hawaye kina ƙarawa, yau ɗanyen kifi kike yaba mini. Ke da kike zuba sukari a shayi har Ibu, mahaifiyata, ta ɓoye gwangwanin, yau kin ce mai ɗaci ya fi. Da, sai ki shanya ni awa guda a ƙofar gidanku kina neman takalmi. Yanzu in na makara minti biyar ban kira ba, sai na sha wa'azi. Kina rusuna wa waya, kina wanke robar ruwa kafin ki yar. Kin sayi wata 'yar shuka mai ƙaya kin raɗa mata suna, kina shiga gidan abinci ke kaɗai ki fuskanci bango, ki ce a nan kike samun natsuwa. Duk na yi dariya, na ce Ningrum ɗina ce, ko a kan wata aka ajiye ta sai ta ƙirƙiro wata tsirfa.

Amma wannan ba abin dariya ba ne.

Kin san Pakde Harjo, yayan babana, ya yi kwana uku yana haɗa ranar haihuwata da taki kafin ya fitar mana da ranar aure a watan babbar sallah. Sai ga saƙonki: ba za ki samu hutu ba, kin matsar da mako uku, ga sabuwar rana. Ni wawa, da murnata na karanta a gaban kowa! Ibu ta tashi ta je gaban kalandar bango, ta bi ta da yatsa. Ranarki ta faɗa tsakiyar Suro, watan Muharram, watan da ko kaza ba a ɗaura wa aure a garin nan.

Pakde ya ce, "Su a Japan ɗin wata ba ya fitowa ne?" Aka yi dariya, ban da Ibu. Da mutane suka watse ta ce da ni, "Ɗana, yarinyar da ke son auren ba ta zaɓar Suro. Nauyin ce maka a'a take ji, shi ne ta ba mu abin da mu za mu ƙi."

Ta yaya zan musa, alhali na tuna ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar mai taliya, bakin gonakin shinkafa? Kina tsince soyayyar albasa daga kwanonki kina zuba mini, na ce gobe zan sayi babur, kika buge mini hannu kika ce in jira Suro ya wuce. Na jira, har wani ya riga ni. Wadda ta hana ni babur ce za ta manta da watan a kan aurenta? Haba, Ningrum!

Ga abin da na yi, kuma ina jin haushin kaina. Na yi wa Ibu ƙarya. Na ce ni na karanta ba daidai ba, ranar da kike nufi tana gaba. Ta kira ni shashasha a gaban ƙannena, na sunkuyar da kai na shanye, don kada sunanki ya ɓaci a gidan da nake so ki shigo. Ta ba ni zuwa Juma'a in kawo ranar gaskiya, in ba haka ba ta tura Pakde gidanku a warware magana.

Ya sanyin idona, ba shayinki nake faɗa da shi ba, ba kifinki ba. Ki dawo da tsirfarki duka, zan yi wa shukarki wuri a taga. Idan kalandar wurin aikinki ce ta shafe miki watanninmu, ki turo wata rana, ko shekara ce zan jira. Idan ma Suro kaɗai za su ba ki, zan tsaya gaban liman a Suro, ko da kujerar Ibu babu kowa a kanta. Amma idan Ibu ce ta karanta ki daidai, kada ki sa kalanda ta sallame ni. Ki kira, ki faɗa da bakinki, na cancanci wannan.

Naki a cikin fushi, naki bayan ya huce, wanda bai iya son kowa ba sai ke,

Pranoto