Tambayar Maman Dauda

Daren Talata, Illela.

Mun binne Dauda yau. Ruwan tafkin Kalmalo ya ci shi wajen kamun kifi, ga shi bai kai ga baftisma ba. A bakin kabari uwarsa ta riƙe mini hannun riga, ta ce, "Fasto, ban son lallashi. Mi Littafi ya ce? Ina ɗana yake yanzu?"

Ni da na gina cocin nan da cinikin albasa, ni da ake jin wa'azina har bakin tasha, sai kawai na tayar da waƙa. Kowa ya amsa, ban da ita. Kallona kawai take.

Tun dawowata nake buɗe shafin Littafin ina rufewa. Na san amsar tana ciki, hanyarta ce ban sani ba.

Duk sanda dattawan coci suka ce in tafi makarantar Baibul, dariya nake: "Bitrus masunci ne, wace takarda gare shi?" Sai yau na tuna Bitrus ya bar tarunsa, ya yi shekaru zaune gaban Malaminsa. Ni ban taɓa barin albasata ba.

Maman Dauda ta ce gobe da sassafe za ta zo gidana.